Wace manhajar rubutun fakiti ta dace da faifan CD-RW a tsohuwar Windows?

Wani mai shagon buga takardu ne ya aiko da tambayar. Yana da tsohuwar kwamfuta mai Windows XP wadda ke tafiyar da injin yankan sitika, kuma manhajar injin ba ta aiki a sabuwar Windows. Ya hana a soka mata filashi saboda bairos. Yana so ya riƙa amfani da faifan CD-RW yadda ake amfani da filashi, ya jefa fayil ya goge fayil. An ambata masa InCD da DirectCD da DLA, manhajojin rubutun fakiti, wato masu sa a iya yin haka da faifan, yana neman wadda zai saka. Akwai kuma wata kwamfutar mai Windows 98 a shagon.

Malam, sannu da ƙoƙari. Idan kwamfuta ɗaya ce za ta riƙa rubutu a faifan, ka saka manhajar da ta zo tare da na'urar faifan da ke cikinta, ita kaɗai. Idan kuwa kana so duka biyun su riƙa rubutu a faifai ɗaya, ka nemi InCD 4, ka saka ta a mai XP da mai 98, domin tana aiki a dukansu. Ka yi wa faifan fomat da tsarin fayiloli mai suna UDF, fitowa ta 1.50. Kuma kada ka ɗora masa fayil ɗin da ba ka da kwafinsa a wani wuri. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi sunan manhajar muhimmanci nesa ba kusa ba, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Da farko mu raba abu biyu da mutane ke haɗawa. XP tana iya rubutu a faifai da kanta, amma ba irin wanda kake nema ba ne. Idan ka ja fayil ka jefa a kan faifai, XP ba ta rubuta shi nan take. Tana tara shi a wata folda ta wucin gadi a rumbun kwamfutar, sai ka ce mata ta rubuta, sannan ta zuba duka a zango ɗaya, da tsarin ISO 9660 da Joliet. Za ka iya ƙara wani zangon gobe, za ka iya wanke faifan CD-RW gaba ɗaya, amma ba za ka iya cire fayil ɗaya ka samu wurinsa ya dawo ba. Rubutun fakiti shi ne ke ba ka wannan damar. Ana fara shimfiɗa wa faifan tsari tun daga farko har ƙarshe, a yanka shi ƙananan fakitoci masu girma ɗaya, ta yadda kowane fakiti za a iya sake rubuta shi ba tare da an taɓa maƙwabcinsa ba. Tsarin fayilolin da ake amfani da shi sunansa UDF, na ƙungiyar OSTA. Babu wata Windows kafin Vista da ta iya wannan rubutu a CD-RW da kanta, shi ya sa kamfanoni suka cike giɓin da manhajojin da aka ambata maka.

Abin da za ka fara gani shi ne faifan ya ragu. Kowane fakiti yana da gurbi 32 na bayanai, kowane gurbi bait 2048, wato kilobait 64. Amma hasken leza yana buƙatar wurin farawa da wurin tsayawa, don haka kowane fakiti na cin ƙarin gurbi 7 da ba a ajiye komai a cikinsu. Cikin kowane gurbi 39, guda 32 ne naka. Faifan da aka rubuta 650 MB a jikinsa zai dawo wajen 530, mai 700 MB kuma wajen 570. Ba manhajar ce ta cuce ka ba, kuma sauya ta da wata ba zai dawo maka da wurin ba. Fomat ɗin farko ma yana cin lokaci, domin sai na'urar ta bi faifan kaf: a gudun 4x ka sa ran minti 20 ko fiye, a tsohuwar na'ura mai 2x ninkin haka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Fuskar CD-RW wani haɗin ƙarafa ne, azurfa da indiyom da antimoni da teluriyom, wanda zafin leza ke sauya wa yanayi, ya koma mai sheƙi ko marar sheƙi. Kowane wuri a faifan yana jure wannan sauyi kamar sau 1,000 a lissafin masu ƙera shi. Mutum zai ce ai dubu da yawa. Da yawa ne idan kana wanke faifan gaba ɗaya ka sake cika shi. A rubutun fakiti lissafin daban ne, domin akwai wuraren da ake ajiye jerin sunayen fayiloli da taswirar inda babu komai, kuma duk lokacin da ka ƙara fayil, ko ka goge, ko ka sauya masa suna, sai an koma an sake rubuta waɗannan wuraren. Kamar daɓen bakin ƙofa ne, shi ke fara fashewa domin kowa nan yake takawa, alhali tsakar ɗakin na nan lafiya. UDF 1.50 ta tanadi wasu fakitocin ajiya da ake maye gurbin waɗanda suka gaji da su, amma ba su da yawa. Ranar da jerin sunayen ya lalace, fayilolinka suna nan kwance a faifan, kwamfuta kuma ta ce maka faifan babu komai, ko ta tambaye ka ko kana so ta yi masa fomat.

Abin da ya fi gajiyar faifan saurin jawo wannan shi ne yankewar aiki a tsakiya. Manhajar ba ta rubuta komai nan take, tana riƙe wani abu a ƙwaƙwalwar kwamfuta sai lokacin fitar da faifai ta kammala. Idan aka ɗauke wuta a wannan tsakanin, ko kwamfutar ta sandare ka danne mata maɓallin kashewa, jerin sunayen zai tsaya rabi sabo rabi tsoho. A wurin da wuta ke zama daram wannan haɗari ne na jefi-jefi. A shagon da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta sau da yawa a yini, abu ne da ya kamata ka sa a lissafi tun yau. Ni dai ba na saka wa kowa manhajar rubutun fakiti a kwamfutar tebur da ba ta da UPS mai batir mai rai, ko da na minti biyar ne, iya wanda zai isa a fitar da faifai. Faifan da aka kawo mini ya mutu, idan na bi diddigi, galibi labarin ɗaya ne: ana cikin ajiye aiki wuta ta tafi.

To, su manhajojin.

DirectCD ta Adaptec ce, tana zuwa cikin Easy CD Creator, daga baya sashen manhajojin na Adaptec ya balle ya zama kamfanin Roxio a 2001. A Easy CD & DVD Creator 6 aka sauya mata suna zuwa Drag-to-Disc. Fifikonta shi ne tana rubutun fakiti a CD-R ma, ba CD-RW kaɗai ba, kuma tana iya rufe CD-R ɗin ya koma tsarin ISO 9660 da kowace kwamfuta ke karantawa. A Windows 98 ta zauna da gindinta sosai. A XP kuwa sai an kula. DirectCD 3, wadda ke zuwa da Easy CD Creator 4, ta riga XP fitowa kuma ba ta dace da ita ba. DirectCD 5 sai an ɗora mata gyaran da Roxio ta fitar daga baya. Fitowar farko ta Easy CD Creator 5 ma ta hana wasu kwamfutoci masu Windows 2000 tashi a 2001 har sai da aka gyara. Don haka idan tsohon faifan Easy CD Creator 4 ne a aljihun teburinka, mai 98 ɗin ce gidansa, kada ya kusanci mai XP. Wani abu kuma: DirectCD tana da zaɓin matse fayiloli lokacin fomat don a samu ƙarin wuri. Kada ka taɓa shi. Faifan da aka matse, kwamfutar da ba ta da manhajar Roxio ba za ta gane fayilolinsa ba, kuma ceto su ranar da ya lalace ya fi wuya.

InCD kamfanin Ahead na ƙasar Jamus ne ya yi ta, wanda ya yi manhajar rubuta faifai mai suna Nero. InCD 3 ta yi zamani da Nero 5.5, InCD 4 kuma da Nero 6. Ana saka ta daban da Nero, ba ta shigowa da kanta. Waɗannan fitowar faifai mai goguwa kawai suke karɓa, ba ruwansu da CD-R. Wasu na ganin wannan nakasu ne, ni kuwa alheri nake ganinsa a shago: yaron da ke taya ka aiki ba zai saka CD-R bisa kuskure ya yi masa fomat ɗin da zai ɗaure shi ba. Idan InCD za ka saka, ka nemi fitowar ƙarshe ta jerin 4, ba ta farkonsa ba.

DLA ta fara a hannun kamfanin Veritas, ta koma hannun kamfanin Sonic. Ita ce ke zuwa a cikin kwamfutocin Dell da IBM da HP da yawa na zamanin XP, don haka idan taka ta hannu ce da ba a sake mata Windows ba tun zuwanta, wataƙila tana ciki ba ka sani ba. Ba ta da hayaniya, tana shiga cikin Explorer ne kawai: ka danna wa na'urar faifan dama, sai ka ga Format da Make Compatible. Idan ka tarar da ita tana aiki, ka bar ta, ka manta da sauran. Akwai wasu kamar B's CLiP ta Japan da InstantWrite, su ma ka'idar ɗaya ce, in sun zo da na'urarka.

Dalilin da ya sa nake ta nanata wadda ta zo da na'urar shi ne, waɗannan tsoffin manhajoji suna aiki ne da jerin na'urorin da suka sani. Manhajar 2000 ba ta san na'urar da aka ƙera a 2005 ba, sai ta yi kamar babu ita. Faifan manhajar da ke zuwa a kwalin na'ura kuma sau da yawa an ɗaure shi da wannan na'urar, ba zai yi aiki da wata ba. Ka kuma yi hattara da saukar da su daga shafukan da ba ka sani ba. An daina tallafa wa XP tun 8 ga Afrilu 2014, 98 kuwa tun Yulin 2006, babu mai kare su, kuma tsoffin manhajoji na cikin abubuwan da ake cusa wa bairos a intanet.

Kada ka haɗa biyu a kwamfuta ɗaya. Wannan ba shawara ba ce ta in ka ga dama. Kowacce tana dasa direbanta tsakanin Windows da na'urar faifan, kuma kowacce tana ɗauka ita kaɗai ce mai iko da shi. Idan suka haɗu, abin da ke biyo baya shi ne shuɗin allo, ko kwamfuta ta ƙi mutuwa idan an kashe ta, ko na'urar faifan ta ɓace daga My Computer. Kafin ka saka komai, ka buɗe Add or Remove Programs ka duba, sannan ka buɗe Task Manager ka nemi waɗannan sunaye: tfswctrl.exe na DLA ne, directcd.exe da DrgToDsc.exe na Roxio, InCD.exe na Ahead. Idan ka ga wanda ba ka so, ka cire shi, ka kashe kwamfutar ka kunna, sannan ka saka sabon. Wani lokaci bayan cirewa sai na'urar ta fito da alamar rawaya a Device Manager, da lambar matsala 19 ko 39 ko 41. Tsohuwar manhajar ce ta bar sawunta a rajistar Windows, wato inda Windows ke ajiye saitunanta, a wasu layuka biyu masu suna UpperFilters da LowerFilters ƙarƙashin rukunin na'urorin faifai, wanda lambarsa ke farawa da 4D36E965. Goge su na gyara matsalar, amma akwai layuka masu irin wannan suna a rukunin allon rubutu da na rumbun kwamfuta, kuma wanda ya goge waɗancan zai iya hana kwamfutar tashi. Idan hannunka bai saba da rajista ba, ka kai wa mai gyara. Bayan an goge, duk wata manhajar faifai da ta rage sai an sake saka ta.

Bayan ka saka, ka shiga Properties na na'urar a XP, shafin Recording, ka cire alamar da ke kan Enable CD recording on this drive, don kada rubutun XP ya riƙa karo da na manhajar. A duka kwamfutocin ka tabbatar DMA, wato saitin da ke sa bayanai su riƙa wucewa da sauri tsakanin na'urar faifan da ƙwaƙwalwar kwamfuta, na kunne.

Batun UDF 1.50 kuwa, ya danganci inda za a karanta faifan. Windows 98 da kanta UDF 1.02 kawai ta sani, irin na faifan bidiyon DVD, don haka ba za ta karanta faifan fakiti ba sai an saka mata ko dai cikakkiyar manhajar, ko ƙaramar manhajar karatu irin UDF Reader ta Roxio ko InCD Reader. Windows 2000 tana karanta 1.50. XP tana kaiwa har 2.01, amma ba ta san 2.50 ba. Vista da duk waɗanda suka biyo bayanta suna karanta su duka. Ka ga 1.50, wadda aka fitar a 1997, ita ce ta fi kowacce samun karɓuwa a cikin waɗanda ake yin faifan fakiti da su. Idan a sabuwar kwamfuta aka yi wa faifan fomat, ita ma tana bari a zaɓi lambar UDF, sai a zaɓi wannan. Amma ka riƙe wannan ka'ida: a karanta faifan a ko'ina, a yi rubutu a kansa da manhajar da ta yi masa fomat kawai. A takarda duk UDF ɗaya ce. A aikace kowane kamfani da yadda ya fassara ta, kuma faifan da manhaja biyu ke rubutu a kansa ba ya daɗewa.

Tsohuwar na'urar karanta CD ma tana iya ƙin faifan, domin CD-RW ba ya mayar da haske kamar faifan kamfani, wato wanda ke zuwa a rubuce daga masana'anta, ko CD-R. Sai na'ura mai alamar MultiRead, wato galibin waɗanda aka ƙera daga 1997 zuwa sama. Sannan ka duba jikin faifan kafin ka saya. Akwai na asali mai gudun 1x zuwa 4x, akwai High Speed, akwai Ultra Speed, kuma na'urar da ba ta ɗauke da tambarin High Speed a gabanta ba za ta iya rubutu a faifan High Speed ba ko da ka rage gudu. Mutane da yawa sun zagi manhaja a kan wannan, alhali faifan ne bai dace da na'urar ba.

Idan ka ga EasyWrite ko Mount Rainier a jikin na'urarka, wani tsari ne da Philips da Sony da Compaq da Microsoft suka haɗu a kai, inda na'urar da kanta ke lura da wuraren da suka lalace, kuma fomat na gudana a bayan fage, ka fara aiki cikin minti ɗaya ko biyu. InCD ta iya shi. Yana da kyau idan faifan ba zai bar wannan kwamfutar ba. Tunda naka zai riƙa yawo, ka bar zaɓin a kashe, domin na'urar da ba ta san tsarin ba sai an saka mata wani direban kafin ta karanta. Idan kuma ka yi sa'a na'urar mai XP tana karɓar DVD-RAM, to shi aka ƙera domin irin wannan aiki tun asali: yana jure sake rubutu har wajen sau 100,000, na'urar ce ke kula da lalacewa, kuma XP tana rubutu a kansa da FAT32 ba tare da wata manhaja ba. Matsalarsa samun faifan a kasuwa yanzu.

Akwai abin da ban so mu wuce ba, domin shi ne asalin dalilinka. Ka toshe filashi saboda bairos. Faifan da aka yi wa fomat ɗin fakiti, a idon Windows, ba shi da bambanci da filashi: harafi ne da kowace manhaja ke iya rubutu a kansa ba tare da ta tambaye ka ba, har da bairos ɗin da ke kwafar kansa zuwa duk inda ya samu ƙofa. Idan ka kai shi kwamfutar da ta kamu, kuma tana iya rubutun UDF, kamar yadda duk Windows daga Vista zuwa yau take iyawa, zai iya dawo maka da abin da ka gudu. Faifan da aka rubuta a zango ɗaya aka rufe ba haka yake ba, babu abin da zai shige shi a ɓoye bayan an rufe, sai dai abin da aka zuba tun farko. Saboda haka idan aikin faifan shi ne ɗauko zanen kwastoma daga sabuwar kwamfuta zuwa mai injin, shawarata ta gaskiya ita ce ka bar rubutun fakiti. Ka tace fayilolin da maganin bairos a sabuwar, ka rubuta su a CD-RW a zango ɗaya, ka kai, ka kwafe, ka yi masa wankin gaggawa na minti ɗaya ko biyu idan ka tashi sake amfani da shi. Za ka samu cikakken 700 MB, 98 za ta karanta ba tare da ƙarin manhaja ba, kuma ba sai ka dasa wani direba a kwamfutar da abincinka ya dogara da ita ba. Ka kuma kashe Autorun, wato tsarin da ke kunna abin da ke cikin faifai da kansa da zarar an saka shi, a mai XP ko ta wace hanya ka bi.

Idan duk da haka rubutun fakitin ne ya fi maka sauƙi, ga yadda ake zama lafiya da shi. Kada ka buɗe fayil ɗin CorelDRAW ko Word kai tsaye daga faifan ka yi aiki a kansa, domin waɗannan manhajoji suna ta ƙirƙirar fayilolin wucin gadi suna gogewa a foldar da fayil ɗin yake, kowane motsi kuma sake rubuta jerin sunaye ne. Ka kwafo shi zuwa rumbun kwamfuta, ka gama aikinka, ka mayar sau ɗaya. Ka riƙa fitar da faifai ta hanyar manhajar, ka jira tiren ya fito da kansa, kuma ka fitar da shi kafin ka kashe kwamfuta. Kada ka cika shi maƙil. Ka rubuta ranar fomat a jikinsa da alƙalamin faifai, ka riƙe biyu kana musanyawa, wanda ya fara jinkirin buɗewa ko na'urar ta fara gurnani a kansa ka sauke shi daga aiki. Lokacin hunturu ka riƙa mayar da shi kwalinsa nan take, domin ƙurar da faifan kamfani zai shanye, CD-RW mai raunin haske ba zai shanye ta ba, balle a lokacin rubutu. Kada kuma a bar shi a mota ko bakin taga.

Ranar da kwamfuta ta ce faifan babu komai, ko ta nemi yi masa fomat, ka ce a'a, ka fitar da shi, kada ka sake rubuta komai a kansa, kada kuma ka bari wata manhajar gyara ta taɓa shi tukuna. Ka kai shi wata kwamfutar da ba ta da manhajar rubutun fakiti, ka buɗe shi da manhajar ceto fayiloli irin IsoBuster ko CDRoller. Su ba sa dogara da jerin sunayen da ya lalace, suna bin faifan gurbi-gurbi suna tsinto fayiloli. Ka fara kwafe faifan gaba ɗaya, gurbi-gurbi, zuwa fayil ɗaya a rumbun kwamfuta, ka yi binciken a kan wannan kwafin. Idan na'ura ɗaya ta kasa karanta wani wuri, ka gwada wata, domin idon leza ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Wankin gaggawa ma sau da yawa farkon faifan kawai yake shafewa, amma cikakken wanki ko cikakken fomat yana bin kowane gurbi, kuma bayansa babu manhajar da za ta dawo da komai.